Wasiƙun Mai Agogo

Tana cikin gugar kayan makarantar jikokinta ranar Lahadi da yamma, sai ta jiyo muryar Kawun Kowa daga rediyon maƙwabta. Ba irin muryarsa ta yanzu ba ce, wadda tsufa da sigari suka cinye. Muryarsa ce ta shekara talatin da wani abu da suka wuce, mai kauri, mai sanyi, wadda in ta ce "masu sauraro" kowa sai ya ɗauka da shi kaɗai ake. Ta jingine dutsen guga, ta ce wa autarta ta miƙo mata rediyon da ke kan firij.

"Umma, babu batir a ciki tun bara," in ji autar.

"Ciro na tocila ki sa."

Shekara ashirin da shida ta yi tana buga takardu a wannan gidan rediyo, a wani ɗan ofis da ke ƙarƙashin matakala, mai taga ɗaya da fanka mai kuka. Ta daɗe a kan keken rubutun nan har sunanta ya ɓace, daga manaja zuwa mai gadi kowa Tafireta yake ce mata. A zamanin, gidan shi kaɗai ne a garin, abin da ya sa shi ake ji. Daga baya tashoshi suka yi yawa, waya ta zo ta kwashe sauran masu sauraro, gidan ya koma kamar tsohuwar kasuwa da aka yi wa sabuwa a gefe. Shi ne sababbin shugabanni suka buɗe ɗakin ajiya, suka kakkaɓe tsofaffin kaset da faya-fayai, suka ce duk Lahadi za a riƙa maimaita shirye-shiryen da, da waƙoƙin da suka yi tashe a lokacin. Suka nemo Kawun Kowa daga gidansa don ya riƙa gabatarwa.

Da rediyon ya kama, an gama waƙa ke nan, tsohuwar muryar tana cewa, "To, ga wasiƙar mutuminmu, Mai Agogo."

Tafireta ta zauna a bakin gado, ta dafe gwiwa.

Wasiƙar tana ba da labarin wani ma'aikaci da ya kawo agogonsa ya ce a tura masa shi gaba da minti goma, don ya daina makara. Bayan sati ya dawo ya ce a ƙara goma, domin ya san da goman farko, yana ɗebe ta a ransa. Haka aka yi ta ƙarawa har agogon ya yi gaba da awa guda, ran nan ya manta da lissafinsa, ya isa ofis ya tarar ko mai shara bai zo ba, ya dawo rumfa yana faɗa wai an ɓata masa agogo. A cikin kaset ɗin Kawun Kowa yana dariya har yana buga tebur. Autar ma ta yi dariya. Da ta waiwayo sai ta ga uwarta tana share ido da gefen ɗankwali.

"Kakanki ne," in ji Tafireta. "Maganarsa ce, kalma da kalma."

Yadda abin ya samo asali shi ne, shirin da Kawun Kowa yake yi a wancan lokacin na wasiƙu ne: mai sauraro ya rubuto, ya gai da 'yan'uwa, ya zaɓi waƙa. A shekarar farko wasiƙun ba sa zuwa. Wata Alhamis ya shigo ofishinta ya zube ambulan huɗu a kan tebur.

"Huɗu, Tafireta. Awa biyu zan cika da wasiƙa huɗu, uku daga ciki jerin sunaye ne kawai. Ki ƙaro min wasu. Ki sa kowane suna kika ga dama."

Tana sabuwar ma'aikaciya, ba ta iya musu ba. Ta riƙa buga masa biyar ko shida duk sati, yau ita ce tela, gobe malamar asibiti.

A shekarar ne idon mahaifinta ya ƙare. Gyaran agogo ne sana'arsa, yana da ɗan tebur da akwatin gilashi a bakin kasuwa, a inuwar wani kantin magani. Da gani ya gagara sai ya rufe akwatin ya dawo gida, ya zauna a kujerar ƙofar ɗaki, ya daina magana da kowa. Mutumin da in yana rumfa har masu facin taya suke barin aiki su zo jin hirarsa, ya koma sai an yi masa tambaya uku ya amsa ɗaya. Wata rana da dabara ta ƙare mata a ofis, ta tuna wani labari da yake bayarwa tun suna yara, na wata mata da ta rantse agogon mijinta tsayawa yake duk ranar da suka yi faɗa. Ta buga shi yadda yake faɗinsa, ta sa hannu da Mai Agogo.

Ranar Lahadi yana zaune, rediyo a cinyarsa, aka karanta. Ya kasa kunne har aka gama. Sannan ya ce, "Wannan ɓarawon ya sace min labari." Ya juyo da fuskarsa daidai inda take tsaye, ko da yake ba ganinta yake ba, ya ce, "Kuma bai iya ba. Ya bar wurin da matar ta ce in ba ta rasit. Laraba ki zo da takarda."

Shekara bakwai suka yi a haka. Duk Laraba in ta taso daga aiki sai ta biya gidan, ta tarar ya sa an yi masa wanka, ya shirya labarinsa tun farkon sati. Yana faɗa tana rubutawa, in ta canza kalma ya ce ta mayar. Shi yake zaɓen waƙar. Da safe ta buga a keke, ta sa takardar kabon a ƙasa don ta ajiye kwafi, ta kai wa Kawun Kowa. Kafin shekara ta zagayo wasiƙu na gaske sun fara zuwa buhu-buhu, rabinsu gaisuwa ce ga Mai Agogo. Kawun Kowa ya san komai, har sau biyu ya zo gidan ya sha shayi da tsohon. Amma ya roƙe su kada maganar ta fita, don in shugabanni suka ji daga cikin gida wasiƙa take fitowa, shi da ita duk sun rasa aiki. Tsohon ko a jikinsa. Daɗi ma yake ji ya zauna a ƙofar gida yana jin masu wucewa suna maimaita maganarsa, wani lokaci har ya ce musu, "Ni kam ban ga abin dariya a ciki ba."

Da ya rasu, Kawun Kowa ya ce a rediyo wataƙila Mai Agogo ya yi ƙaura ne. Aka yi ta tambaya na 'yan watanni, aka manta.

Yanzu ga shi ya dawo. Lahadi huɗu a jere Tafireta ta yi tana gama aikinta da wuri, ta sayi batir sababbi, ta tara jikoki. Ta kira yayanta a waya ta ce ya kunna ya ji Baba. Ta daɗe ba ta ji daɗin wani abu haka ba. Shirin kuma ya karɓu, a motar haya da shagon aski duk shi ake sa wa, matasan da ba a haifa ba lokacin da aka yi shi suna tura wa juna a waya.

A Lahadi ta huɗu aka sanar cewa gidan rediyon yana neman Mai Agogo. Wani kamfanin lemo ya ɗauki nauyin shirin, kuma yana so ya karrama shi. Duk wanda ya san inda yake ya zo.

"Gobe sai mu je," in ji autar.

"Ba sauri. Kawun Kowa ya san inda nake, zai aiko."

Ta jira har Alhamis, ta ɗinka sabon mayafi. Ba wanda ya aiko. Ta ce to Litinin mai zuwa za ta je da kanta.

Ranar Lahadi aka buɗe shirin da kiɗa da tafi. Kawun Kowa, da muryarsa ta yau mai rawa, ya ce, "Masu sauraro, an same shi. Ga shi zaune a gabana." Aka ji motsin kujera, aka ji kamar ana rungume juna. Sai wata muryar tsoho, siririya, ta yi sallama. Ya ce shekara arba'in yana gyaran agogo, shi ne yake rubuto wasiƙun, ya daina ne da matarsa ta kwanta ciwo. Aka ce ya ba da labari ɗaya da bakinsa. Ya ba da na mai makara, wanda aka maimaita sati huɗu da suka wuce, ya ce minti biyar-biyar aka riƙa ƙarawa.

"Goma," in ji Tafireta ga rediyon.

"Ɗan'uwana," in ji Kawun Kowa, yana jan hanci. "Shekara talatin ina neman fuskar nan."

Washegari ta jawo gwangwanin biskit daga ƙasan akwatinta. Kwafin wasiƙun ne a ciki, ɗari uku da wani abu, takarda mai laushi da shuɗin rubutu, ta ɗaure su shekara-shekara da zare. Ta sa sabon mayafin, autar ta raka ta.

An yi wa gidan rediyon fenti. A bakin ƙofa an kafa babban allo da hoton Kawun Kowa da wani tsoho mai gilashin ƙara gani a ido ɗaya, kwalaben lemo a gabansu. Ofishinta na ƙarƙashin matakala an mai da shi wurin ajiye janareta. Mai gadin bai san ta ba, ya sa ta rubuta suna da dalilin zuwa, suka zauna a benci kusan awa guda kafin manajan shirye-shirye ya fito.

Matashi ne, sa'an ɗanta na biyu, mai ladabi ƙwarai. Har ya rusuna ya gaishe ta, ya sa aka kawo mata ruwa. Ta kwance zare ta shimfiɗa masa takardun a tebur, ta yi masa bayani tun daga farko. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta wajen haske, ya ce ikon Allah, ya mayar.

"Mama, wannan tarihi ne babba. Sai dai kin ga maganar ta riga ta yi nisa. An buga alluna, kamfani ya sa hannu, jiya kaɗai mutum nawa suka kira suna kuka. Kuma Kawu da kansa ya tabbatar mana shi ne."

"Ya tabbatar?"

"Shi muka fara tambaya. Yana wurin shan shayi yanzu, ko za ki gan shi?"

Ta bar autar da gwangwanin, ta bi tsohuwar baranda zuwa ɗakin cin abincin ma'aikata. Yana zaune shi kaɗai a teburin lungu, da sabuwar riga da ta yi masa yawa, yana tsoma burodi a shayi. Da ya gan ta sai ya ajiye kofin a hankali.

"Tafireta. Ashe kina nan."

"Ina nan inda ka bar ni. Gidan bai tashi ba, lambar wayata ma tana wurin matarka."

"Zauna mana."

Ta zauna. Ya tsufa fiye da yadda ta zata.

"Ka sha shayi a gidanmu," ta ce. "Ka zauna a tabarmarsa. Ya tambaye ka me ya sa kake cinye ƙarshen kalma in kana karanta masa wasiƙa. Ka manta?"

"Ban manta ba."

"To wane ne wannan da kake kuka a kafaɗarsa?"

Ya duba hagu da dama, ya rage murya. "'Ya'yansa ne suka kawo shi. Manaja ya shigo da shi yana murna, masu kamfani suna tsaye, aka ce Kawu, shi ne? Me zan ce? In ce a'a, na gaskiyar ya mutu, kuma a ƙarƙashin matakalar nan ake buga wasiƙun? Ai daga nan sai a ce duk shirin ƙarya ne. Da tela, da malamar asibiti, da duk waɗanda kika ƙirƙiro min. A ce shekara da shekaru Kawu yana yaudarar mutane."

"Baba ba ƙirƙira ba ne."

"Na sani. Amma wa zai tsaya ya bambance?" Ya goge baki da bayan hannu. "Shekara goma sha ɗaya ina zaune a gida, Tafireta. Wayata ba ta ƙara sai in an yi kuskuren lamba. Jikokina ba su san na taɓa zama wani ba. Yanzu mota ake aiko min. Ki bar ni in ƙarasa da mutuncina. Shi Baba, Allah ya jiƙansa, me zai rasa?"

Ta tuna yadda mahaifinta yake sa a yi masa wanka ranar Laraba kamar mai jiran babban baƙo.

"Abin da yake da shi ke nan bayan idonsa," ta ce. "Ka ɗauka ka ba wani a kan kwalbar lemo."

Ya ɗauki kofinsa, shayin ya zube masa a sabuwar rigar.

Da ta koma, manajan ya riga ya samo mafita. Ya ce dama suna shirin hira da tsofaffin ma'aikata, ta shiga a ɗauki tata yanzu, ta faɗi duk abin da ke ranta, su kuma za su duba yadda za a yi. Aka kai ta ɗakin ɗaukar magana, wanda a shekara ashirin da shida sau biyu kawai ta taɓa shigarsa, duka don kai takarda. Aka sa mata abin ji a kunne. Wata yarinya ta tambaye ta yadda aikin yake a da, da irin ƙarar keken rubutu, har ta kwaikwaya musu da yatsu a kan tebur, aka yi dariya. Sannan ta ba da labarin mahaifinta, minti ashirin, ba ta rage komai ba. Ta faɗi inda teburinsa yake, da shekarar da ya rasu. Ta karanta wasiƙa biyu da ba a kai ga maimaitawa ba. Injiniyan da ke bayan gilashi ya daina taɓa na'ura, ya zuba mata ido. Da ta fito ya rako ta har bakin ƙofa.

Ranar Lahadi ta sa an gaya wa maƙwabta, ta kira yayanta. Wajen tsakiyar shirin aka ce ga ɗaya daga cikin iyayen gidan nan. Aka ji ta tana gaisuwa. Aka ji ta tana cewa fankar ofishinta ta fi ta surutu. Aka ji yatsunta a kan tebur, da dariya. Sai aka sa waƙa.

Ta zauna har ƙarshen shirin ko za a dawo da ita. Matar maƙwabcinta ta leƙo ta katanga tana cewa, "Mun ji ki, Maman yara, ashe haka kike da ban dariya."

Autar ce abin ya fi ci wa rai. A ranar ta ɗauki hotunan takardun da wayarta, da tsohon hoton kakanta a gaban akwatin gilashinsa, ta rubuta labarin ta saka a intanet inda kowa zai gani. Kafin kwana biyu mutane sun yi ca. Kaɗan suka ce a bincika. Yawanci suka ce tsohuwa ta ga ana rabo ta taso, ina take duk shekarun nan, ai kowa zai iya samun tsohon keke ya buga takarda. Wani ya ce in ma gaskiya ne, to ita da bakinta ta amsa cewa ƙaryar wasiƙa take yi a wurin aiki. Wata ta ce a ji tsoron Allah a bar bawan Allah ya ci arzikinsa a ƙarshen rayuwa. Autar tana karantawa tana ɓoye wasu, amma Tafireta ta karɓi wayar ta sa tabarau ta karanta duka.

Yayanta ya kira da safe. "Ke da girmanki a riƙa zagin ki a waya? Har a wurin aikin ɗana ana maganar. Baba da kansa bai so a sani ba, ke ce za ki fi shi? Ki sa yarinyar nan ta goge."

"Yaya, kai ma ka san gaskiya. Ko kalma ɗaya ka rubuta a ƙasa."

"Ni ban iya waɗannan abubuwan ba. Ki goge kawai."

Ta sa aka goge.

Bayan kamar wata guda ta je kasuwa sayen zare, ƙafarta ta kai ta layin da aka ce tsohon da ke jikin allon yana zama. Kamfanin ya yi masa sabuwar rumfa mai launin lemonsu. 'Yan mata biyu suna ɗaukar hoto da shi. Ta jira suka tafi. Ɗan ƙaramin mutum ne, wuyan rigarsa ya sha wanki har ya kode, yana riƙe da ɗan hantsaki yana cire batirin wani agogo. Hannunsa na mai sana'a ne, wannan kam ta gani.

"Hajiya, gyara ne?"

"Tambaya ce. Mai Agogo yakan zaɓi waƙa ɗaya duk farkon damina, shekara bakwai bai fasa ba. Me ya sa?"

Ya ɗago ya cire gilashin daga idonsa. Ya dube ta, ya dubi titi.

"Ke ce 'yarsa," ya ce. "An nuna min a waya."

"Ni ce."

"Allah ya jiƙansa." Ya juya agogon a tafinsa. "Ban taɓa fashin jin sa ba. Duk abin da ya faɗa ya faru da ni, wallahi, ko irinsa. Nakan ce wa yarana wannan kamar ni. Da aka yi sanarwa suka ce Baba, ai kai ne, tashi mu je. Na ɗauka za a gane a kore mu, mu dawo. Sai mutumin ya rungume ni."

"Kana da baki. Kana iya faɗa ko gobe."

"Ɗana ya bar aikin lodi, shi ke karɓar baƙi yanzu. Matar ɗaya ɗan nawa ta ce wa danginta surukinta ne a allo." Ya ajiye agogon. Sannan ya matso da kujerarsa kaɗan. "Hajiya, don Allah, tunda kin zo. Akwai labarin direban da ya kawo agogon bango a cikin buhu. Kaset ɗin ya lalace a tsakiya, kullum sai an tambaye ni yadda ya ƙare. Yaya ya ƙare?"

Ta gyara mayafinta ta wuce. Sai da ta isa gida ta tuna ba ta sayi zaren ba.

Tsofaffin kaset ɗin ba su da yawa, rabi ruwa ya ci a ɗakin ajiya. Da suka kusa ƙarewa manajan ya kira ta, da ladabinsa kamar kullum. Ya ce masu sauraro suna son Mai Agogo ya ci gaba da rubutowa, tsohon kuma hira ba ta zauna masa ba. Tunda ita ta san salon, ko za ta riƙa taimaka musu da wasiƙa ɗaya a sati? Ko kuma ta ba su aron na cikin gwangwanin. Za a kyautata mata, kuma ba wanda zai ji.

"Ɗana," ta ce, "mai salon ya mutu." Ta kashe wayar.

Ta ɗauka a nan abin zai tsaya, kowa ya gane da bakinsa. Sati biyu bayan haka aka karanta sabuwar wasiƙa. Yarinyar da ta yi mata hira ce take rubutawa, injiniyan ya gaya wa autar. Labarin wani ne da ya haɗiye agogo, cikinsa yana ƙara duk awa. Baba da ya ji irin wannan da ya ce a kashe rediyon. Ta katanga ta ji maƙwabta suna dariya har da tafi, daidai yadda suka yi wa na gaskiyar. Shirin ya ƙara karɓuwa. Aka ƙara masa awa guda.

Kawun Kowa ya yi wata goma sha huɗu yana zuwa aiki a motar gidan rediyo, sannan ya faɗi a banɗaki wata safiya, ya rasu a asibiti bayan kwana uku. Tafireta ta ce ba za ta je ba. Amma matarsa ta zauna da ita sati guda lokacin da mijin Tafireta ya rasu, don haka a rana ta biyu ta shirya ta tafi ita kaɗai. Ta shiga ciki ta yi wa matar gaisuwa, suka yi kuka tare, kukan da ita kanta ba ta san na mene ne ba. Da ta fito, a ƙofar gida an jera kujeru, tsohon yana zaune a gaba kusa da 'ya'yan mamacin, mutane suna bin layi suna yi masa ta'aziyyar amininsa. Ya hango ta, ya sunkuyar da kai yana gyara takalmi har ta wuce.

A motar haya da ta shiga, direban ya ƙure rediyo. Shiri na musamman ake yi, an sa muryar tsohon yana cewa shi da marigayi tun suna samari suke tare, ko abinci ɗayansu ba ya ci sai da ɗaya.

"Direba, don Allah rage mana," ta ce.

Ya dube ta ta madubi. "Haba Mama. Kin san wanda ya rasu kuwa? Ku tambaye mu da muka taso da shirin nan."

Wata mata a gefenta ta ce a bar shi, ita tana ji.

Tafireta ta ƙwanƙwasa jikin motar ta ce a sauke ta. Saura tasha biyu a kai layinsu. Ta miƙa kuɗinta, ta tsaya a gefen titi har motar ta yi nisa, sannan ta kama hanya a ƙasa, tana tsayawa ta huta a duk inda ta samu inuwa.